Yadda Rediyona Ya Gano Ciwon Na'urar Takwarata

Takwarata ta dawo daga lakol ɗin Maradi, makarantar koyon sana'a, cikin wata damina, bayan an gama noman fari. Kabu-kabu ya sauke ta a bakin rijiya da akwatin ƙarfe guda da wata jaka da ta fi akwatin nauyi. Ɗiyar ɗana na biyu ce, wanda Allah ya karɓi abinsa tun tana goye. Uwarta ta yi wani aure can wajen Agiye, saboda haka a ɗakina ta tashi. Sunana aka sa mata, ba mai iya kiran sunan a gidan nan. Ni nake ce mata takwara, ita kuma ta ce mini tsohuwa in tsokana take ji, Kaka in akwai abin da take nema.

Aikin kuran, wato wutar lantarki, ta koyo. Malaminta na can ya ce ta zauna a shagonsa, zai ba ta teburi nata na kanta. Ta ce a'a, sai ta gwada gida tukuna. Ni kuwa ranar na dama furar da har maƙwabta suka sha.

Ga abin da ta gani a garinmu. Kusan kowane gida yana da farantin nan mai shan rana a kan rufi, da batiri a ƙarƙashin gado. Baturan daga ƙetaren iyaka ake kawo su ta Gazawa, wasu sababbi, wasu fuska kawai aka wanke musu. Mai sayarwa ya ɗora abin awo, lamba ta nuna sha biyu, mutum ya ɗauko yana murna, kafin a kwashe tuwo fitila ta yi ja ta mutu. Takwara ta ce mini batirin da ba a ɗora wa kaya ba, ba a san ƙarfinsa ba, kamar jaki a tsaye. Don haka za ta haɗa na'urar da za ta zama kayan. Na'urar ba ta haska ɗaki, ba ta juya fanka, ba ta cika waya. Wuta kawai take ci, daidai gwargwadon da aka ce ta ci, ba ƙari ba ragi, mutum kuma ya zauna da agogo ya ga tsawon lokacin da batirin zai jure. Na ce mata masu ci ba aiki ai muna da su a gidan nan, masu ƙafa biyu. Ta ce nata ba ya neman miya.

To, ɗana na fari shi ke riƙe da gidan. Akwai wani zaure mai kallon kudu inda yake tara wake da gyaɗa in kaka ta yi, shi ta roƙa. Ya ce ta zauna ciki har ranar da za a fara shigo da wake. In kafin nan na'urar ta nuna aikin da ido zai gani, zaure ya zama nata, shi ya san inda zai kai buhunansa. In ba ta nuna ba, ta koma Maradi inda teburi ke jiranta. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ba ya son ganin ɗaki yana zaman banza, haka ubansa yake.

Da wata uwar ce, sai ta kira shi ta ce ya bar yarinya ta zauna. Ni ba ni da wannan bakin. Ɗan fari ne. Tun ranar da na haife shi ban kira sunansa ba, ban zauna tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa roƙonsa komai ido da ido ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Abin da ya rage mini shi ne in zauna a ƙofar zaure da carbina in yi kallo.

Na yi kallo kuwa. Ta shimfiɗa wani ɗan allo mai huji-huji, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, tana dasa masa ƙananan abubuwa tana liƙewa da dalma, hayaƙi na tashi mai ƙamshin ƙaro. A tsakiya akwai wani baƙin abu mai ƙafa takwas, kamar kaska ta ƙoshi. Ta ce sunansa ampili-op, kuma shi ne mai hankalin wurin. Da ta ga ban gane ba, sai ta ce in tuna sana'ata, don na yi shekaru ina awon hatsi a kasuwa kafin gwiwa ta hana ni. Ta ce baƙin nan shi ne mai awo. Wani abu mai ƙafa uku da ake ce wa tranzisto shi ne mai riƙe da bakin buhu. Wani fari mai kauri kuma shi ne tiya, duk wutar da ta fito daga batiri ta cikinsa take bi. Ita za ta murɗa maɓalli ta faɗa wa mai awo yawan da take so. Shi kuma idonsa na kan tiya: in bai kai ba ya ce a saki bakin buhu, in ya wuce ya ce a matse. Na ce wannan ai na fi ta saninsa. Ta ce shi ya sa ta faɗa mini.

Ranar da ta fara kunna ta, abin ya yi. Ta murɗa, lamba ta hau, ta murɗa baya, lamba ta sauka. Sai dai tranziston ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, domin duk wutar da na'urar ta ci, a jikinsa take zama zafi. Ta ce yana buƙatar ƙarfe mai faɗi da zai sha zafin. Nan na ga wurin da zan sa hannu. Na ɗauko murfin babbar tukunyata ta alminiyum, ta biki, wadda maƙeran Maradi suka zuba, na ba ta. Sannan na ce mata ba inda ya kai gindin randa sanyi a gidan nan. Na share lungun zauren da kaina, na zuba yashi, na jiƙa shi, na sa aka girka randa, na kwantar da murfin a kan yashin. Daga teburinta zuwa lungun kamu uku ne ko fiye. Ta tsaya tana kallon wurin, ta kalle ni, sannan ta yanko wayoyi dogaye guda uku, ta ɗaure tranzisto a murfi, ta ja wayoyin har teburi.

Daga ranar lafiya ta ƙare. Lamba ta daina tsayawa wuri ɗaya. In ta ce a ci biyu, sai ta ga biyu, ta ga biyu da rabi, ta ga ɗaya da wani abu. In ta kai hannu kusa da allon, lambar ta zabura kamar kazar da aka taɓa wa ƙwai. Ana nan, ana nan, wata rana da hantsi muka ji ɗas, wari ya tashi, tranzisto ya tsage. Guda uku gare ta, daga cikin wata matacciyar na'ura ta ciro su. Saura biyu.

Ban taɓa ganin mutum ya bi abu ɗaya-ɗaya kamar yadda ta bi shi ba. Ta cire baƙin mai ƙafa takwas ta sa wani, ciwo na nan. Ta auna wutar da ke ciyar da shi, ta ce lafiya lau. Ta bi ƙafafunsa tana ƙirgawa da takardar da ta zana a lakol, ko ta juya ɗaya, ba ta juya ba. Ta sake narka kowane ɗigon dalma. Ta canja maɓallin, ta ce ko ƙasa ta shige shi. Ta ciro farin nan mai kauri ta auna shi daban, ta mayar. Kowace safiya da sabon wanda take tuhuma, kowace yamma ta wanke shi. Ta ce mini a lakol akwai wani akwati mai gilashi da ke zana wa mutum yadda wuta ke tafiya, da tana da shi da tuni ta ga ɓarawon. Abin awon da ke hannunta lamba kawai yake faɗa.

Ni kuwa ina da nawa ciwon da ban faɗa wa kowa ba. Ina da rediyo, tsoho, mai eriya, wanda na ɗaure murfin duwatsunsa da tsumma. Kullum da hantsi nake kama tashoshin nesa in ji gaishe-gaishe da labarin duniya. A kwanakin nan sai ya kama kuka. Wani siririn kuka, kamar sauro ya shiga kunne, wani lokaci ya yi kauri ya danne muryar mai magana gaba ɗaya. Na sa aka sayo sababbin duwatsu, bai daina ba. Na buga shi a cinya, bai daina ba. Sai na lura da abu guda. In takwara ta fito alwala, rediyo ya warke. In ta idar da salla ta koma zaure, kafin in ja carbi ɗaya kuka ya dawo. Ranar da ta tafi kasuwar Gazawa, wuni ya yi yana magana tas.

Na gane na'urarta ce. Kuma na yi shiru. Gidanmu gida ne da in ka yi tari a ɗaka za a yi maka sannu a bakin rijiya. In na ce abin yarinyar nan yana ɓata rediyo, kafin azahar magana ta kai wa mai gidan, kafin la'asar ta zama yana ɓata wayoyin mutane, kafin kwana biyu ta zama yana sa ciwon kai. Ba sai an jira wake ba. Saboda haka na kashe rediyona na tura shi ƙarƙashin gado, in kewa ta dame ni in ɗauke shi in tafi bayan rumbu, can kukan ba ya kai wa sosai. A ganina ina rufa mata asiri ne.

Tranzisto na biyu ya tsage ranar da mata suka fara roron wake. Saura ɗaya. Da rana ta shigo ɗakina, ba ta taɓa abincin da na rufe mata ba, ta jawo akwatinta na ƙarfe daga bayan gado tana goge masa ƙura. Na ga abin da take nufi, na kau da kai. Garin jawo akwatin ne ta ga rediyo.

"Tsohuwa, kwana nawa ban ji mijin nan naki ba. Ko kun yi faɗa?"

Na ce ba ya jin daɗi. Ta ce in kawo, ko abu ɗaya ta gyara a gidan nan kafin ta tafi. Ta kunna shi, sai ga murya garau, wani yana gai da mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ai lafiyarsa ƙalau. Sannan na ce, "Ba ya ciwo sai kina cikin zaure."

Ta ajiye tsumman hannunta. Ta tambaye ni in ta fito salla fa, na ce yana warkewa. Ta tambaye ni ko kukan iri ɗaya ne kullum, na ce a'a, yana sirancewa yana kauri, kuma ina jin lokacin da take murɗa abinta ne. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar da aka girka randa.

"Kaka, da kin faɗa mini, da tranzistona biyu suna raye."

Na faɗa mata dalilina. Ta miƙo mini rediyon ta ce in taso.

A zaure ta zaunar da ni a kan turmi kusa da teburi. Ta ɗaura tranzisto na ƙarshen a murfi, ta murɗa maɓalli ƙasa can don kada ya yi zafi, ta ce in buɗe kunne. Tana haɗa batiri rediyo ya tsala kuka a cinyata. Ta cire, ya yi shiru. Ta haɗa, ya tsala. Sau uku ta yi haka, a na ukun na ga haƙoranta, rabon da in gan su an kwana biyu.

Ta ce mai awo da mai buhu ne suka yi nisa da juna. Shi yana nan teburi, wancan yana can gindin randa. Ya ce a ƙara, kafin magana ta isa a saki, kafin ya ga abin da ya zubo, tiya ta tumbatsa. Ya ce a rage, kafin ta isa, tiya ta koma rabi. Ƙara, rage, ƙara, rage, ba sa tsayawa, kuma da saurin da kafin ƙiftawar ido sun yi abin da ba ya ƙirguwa. Abin awonta ba ya iya bin wannan gudu, tsakiya kawai yake faɗa, shi ya sa ta kasa gani. Wannan kai-komo shi ke gajiyar da tranzisto har ya tsage. Dogayen wayoyin kuma sun zama eriya suna watsa rigimar cikin iska, rediyona yana kamawa.

Sai na tuna ni na kai murfin lungu. Na ce ashe ni ce ciwon. Ta ce murfin dabara ce mai kyau, yashin ma haka. Ta ce an koya musu tun shekarar farko cewa wayoyin nan uku gajeru ake yin su, kuma ta tuna a ranar.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kin riga kin share wurin, kin zuba yashi da hannunki. In ce miki a'a?"

Muka kalli juna. Ban san wadda ta fara dariya ba.

Shi ke nan, aka shiga gyara, ita da dalma, ni da kunne. Ba ta dawo da murfin teburi ba, allon ta ɗauka ta kai lungu, ta ɗora shi a kan bulo dab da murfin, ta datse wayoyin suka koma tsawon ɗan yatsa. Ta haɗa, ta dube ni. Na ce ya ragu, amma yana nan daga can ƙasa. Ta murɗa sama kaɗan, ya taso. Sai ta ɗauko wani ɗan abu mai zane-zane a jiki kamar ƙwayar shinkafa, ta liƙa shi a ƙafar tranzisto inda umarni ke shiga, ta ce don maganar mai awo ta riƙa isa a hankali. Na ce yanzu ya dushe, sai ta murɗa sosai yake fitowa. Sannan ta zazzage wani gwangwani cike da wasu ƙananan abubuwa masu kama da ƙwayar dawa, kondansater take ce musu. Ta ce ɗaya daga cikinsu za ta ɗaura tsakanin bakin mai awo da idonsa, ta raba shi da tiya da wani ɗan abu mai zane irin na ɗazu, don ya koyi jira ya ga abin da ya zubo kafin ya sake magana. Na farko bai yi komai ba. Na biyu ya kashe kukan, amma ta ce ya yi yawa, in ta murɗa sai lamba ta yi ta jan ƙafa kafin ta iso. Ta cire shi ta sa na uku.

Na kara rediyo a kunne. Na matsa da shi har eriya ta kusa taɓa allon. Ta murɗa daga ƙasa har sama, ta dawo, ta sake hawa. Ba abin da nake ji sai wata mata tana bayanin yadda ake adana wake kada ƙwari su ci. Na ce babu. Ta ce in sake saurarawa, kada in yi mata kara. Na ce na gama yi mata kara. Ta kai hannu kusa da allon, lamba ba ta motsa ba. Ta ce a ci uku, aka ci uku, har la'asar uku ne. Murfin ya yi ɗumi irin na tuwon da ya huce.

Kwana biyu bayan haka mai gidan ya kawo batura biyu a amalanke, dukansu sun wuni a rana sun cika. Ɗaya sabo fil mai sheƙi, wanda ya sayo don famfon lambunsa. Ɗaya tsoho, baƙi, an ɗaure hannunsa da igiya, har ya yi niyyar bai wa masu sayen ƙarfe. Maza suka taru a ƙofar zaure. Ni ina daga bayan zana, rediyo a cinya, na rage murya, ina jiran ko kuka zai dawo.

Ta fara da sabon tun da hantsi, ta ajiye agogo a gaban kowa. Inuwa ba ta gama taƙaitawa ba ƙarfinsa ya fara zubewa, kafin azahar ta cire shi, ta ce in aka ci gaba za a lalata shi. Na ji muryar mai gidan yana cewa na'urar ce ta shanye shi, wane batiri zai jure wannan ci. Wani ya ce ai dama an faɗa. Ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi, "Baba, a ba ta tsohon ma ta shanye." Aka yi dariya, aka haɗa tsohon, ci ɗaya, lamba ɗaya. Aka yi azahar aka dawo, yana nan. Aka yi la'asar aka dawo, yana nan. Masu dariya suka fara tambayar ko za ta duba nasu. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa ta cire shi da kanta, ta ce har yanzu da sauransa.

Mai gidan ya ɗora batura a amalanke ya tafi. Na ji daga baya cewa ya cika su ya kai lambu, ya gwada su da famfo ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai, kwana biyu yana yi. Mu dai muna zaune. Takwara ba ta mayar da akwatinta bayan gado ba, ba ta kuma zuba kaya a ciki ba.

Ranar da aka fara shigo da wake ina zaune a tsakar gida ina tsince yakuwa. Na ji ƙarar amalanke ta taho, ta iso daidai ƙofar zaure, hannuna ya tsaya cikin ƙwarya. Amalanken ba ta tsaya ba. Ta zagaya ta bayan gida, inda ashe mai gidan ya sa an kafa rumfa an yi mata daɓe. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

Da yamma ya zo wucewa ta ƙofar ɗakina. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya tsaya yana duba katanga kamar mai neman inda ta tsage, ya ce zauren can yana son ƙofar ƙarfe da kwaɗo, tunda kayan mutane za su riƙa kwana a ciki, gobe zai yi wa maƙeri magana. Na ce wa ƙwaryar da ke gabana Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya wuce.

Washegari takwara ta kira malaminta a waya, a gabana, ta gaishe shi da kyau, ta ba shi labarin wayoyi uku da rediyo. Na ji dariyarsa tana fitowa ta cikin wayar. Ta ce masa ya ba wani mutum teburin. Kafin ta ajiye, batura huɗu na jere a ƙofar zaure, har da na wata Bafillatana da ta ɗauro nata a jaki tun daga ruga, tana tambaya ko nan ne ake gane mai rai da matacce.